Yadda muka bar haya a Maradi muka koma bakin gulbi

Ni tela ne, shagona yana kusa da babbar kasuwar Maradi. Shekaru da dama muna haya a unguwar Zariya, ɗaki ciki da falo, tsakar gida ɗaya mu da wasu iyalai, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Yara suka ƙaru, ɗaki bai ƙaru ba, kuɗin haya kuwa kullum gaba yake yi. Na yi ta tambayar kuɗin fili a Zariya da Ali Ɗan Sofo har ma da sabbin unguwannin bayan gari, kowane dillali ya faɗa mini abin da mai keken ɗinki ba zai iya tarawa ba ko da Sallah biyar za ta zo masa a shekara. Daga nan hankalina ya koma garin mahaifiyata, ƙaramin gari a bakin gulbi, kudu da Maradi, ba nisa da Jiratawa. Kawuna yana can, ƙanin mahaifiyata, manomi ne mai garka a fadama.

Cikin bazara na je masa da maganar, da ɗan abin da na tara a aljihu da kuma zumuɗin a gama komai a ranar. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce: "Ɗan nan, mai da kuɗinka ka ajiye. Ba a sayen fili a bakin gulbi da rani. Ka dawo cikin malka, idan ruwa ya cika, mu zaga tare." Raina bai so ba, amma ban yi masa musu ba.

Wanda bai san Gulbin Maradi ba zai ɗauka wasa ne. Mafi yawan shekara babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, farin rairayi ne shimfiɗe, yara na ƙwallo a ciki, masu amalanke na ɗibar yashi, awaki na ƙetarawa. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa gefen Maradi da Tibiri, ya nufi Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kawai yake gudu. Amma idan ya tashi gudu, ba ya tambayar kowa. Da na koma a watan Agusta, filin da wani dillali ya nuna mini da rani yana yabon arahar sa, a ƙarƙashin inuwar mangwaro, ruwa ne kwance a kansa har gwiwa. Kawu bai ce uffan ba, nuni kawai ya yi mini da sandarsa muka wuce.

A wannan zagayen ya koya mini karanta ƙasa. Ya nuna mini zanen da ruwa ke bari a jikin itatuwa, da tarkacen kara da ke maƙale a rassa sama da kan mutum, alamar inda ruwan wata shekara ya kai. Ya nuna mini bambancin baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda ta fadama ce, da jan rairayin jigawa. Ya ce duk inda ka ga laka, ruwa ne ya kawo ta, kuma wanda ya kawo ta bai manta hanya ba. Tsofaffin garin duka suna da labarin 1945 a bakinsu, shekarar da gulbi ya cinye tsohon garin Maradi da ke cikin fadama, har aka tashi mutane aka mai da su kan tudu inda birnin yake yanzu. Unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi, da sunayensu suka hauro. Ni da aka haifa a Maradi ban taɓa ɗaukar wannan labari da nauyi ba sai da na tsaya a gaɓa ina kallon jan ruwa yana tafiya da itace sukutum.

Saboda haka muka nemi fili a jigawa, gefen gari ta sama, inda ake hango koren fadama amma ruwa bai taɓa hawa ba a iya sanin dattawa. Ya fi na ƙasa tsada, ba shi da inuwa sai gawo ɗaya, amma shi muka tsayar.

Maganar ciniki ita ta fi cin lokaci, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya natsu. Tambayar farko da Kawu ya yi wa mai filin ba ta kuɗi ba ce. Cewa ya yi: "Wannan wuri, gado ne, ko saye, ko aro, ko jingina?" Mutumin ya ce gadon mahaifinsu ne. Kawu ya ce an raba? Ya ce an raba da baki. To a nan aiki ya tsaya, domin suna da ƴan'uwa mata biyu, ɗaya tana aure a Tibiri, da ƙani da ke ci-rani a Najeriya. Kawu ya ce ba za a ba da ko dala ba sai kowane magaji ya ji kuma ya yarda. Aka aika wa matan suka zo, aka kira na ci-rani a waya aka buɗe murya kowa na ji. Rigingimun filaye da yawa a wannan yanki daga nan suke farawa: babban wa ya sayar shi kaɗai, bayan shekaru ƙani ya dawo ko ɗan ƴar'uwa ya girma, ya ce rabon uwarsa na ciki. Mai saye kuma ya riga ya gina. Na ga gidan da aka kai lintar aka bar shi haka, ciyawa ta tsiro a ɗakuna, saboda irin wannan.

Bayan magada sun yarda muka je wajen maigari. Kawu ya cire takalmi, ni ma na cire, muka gaishe shi. Kawu ya ce: "Ranka ya daɗe, ɗan ƴar'uwata ne, yana son ya dawo gida." Maigari ya tambayi sunan mahaifiyata da na mahaifinta, ya gane su, ya ce: "To ai ba baƙo ba ne. Allah ya sa da alheri." Ya sa rana, aka kira maƙwabtan iyaka na gabas da yamma, kudu da arewa, aka taka filin da ƙafa daga kusurwa zuwa kusurwa. Iyakar arewa shingen aguwa ne tsoho, ba gardama. Ta gabas kuwa sai da aka ɗan ja, domin tushen gamba biyu ne a jere, kowa ya ce nasa ne na gaskiya, har wani dattijo da ya yi noma a wurin yana yaro ya raba gardama. Aka auna da igiyar awo, aka kafa turaku.

Akwai abu ɗaya da aka bincika wanda ban taɓa tunaninsa ba: ko filin ya taɓa burtali. Hanyar da dabbobi ke bi su gangara gulbi shan ruwa ba ta kowa ba ce, ba a sayar da ita, ba a gini a kanta, ko da ka ga an yi shekaru ana nome gefenta. Wakilin makiyaya yana wurin, shi ya tabbatar cewa burtalin ya bi ta can yamma da mu.

Takarda kuwa, tun 1993 Nijar take da dokar filayen karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye da kowa ke kira Kofo: akwai na gari, akwai na kwamin, wato ƙaramar hukuma, akwai na dapartama, wato gundumar da ke sama da ita. Na gari maigari ne ke shugabanta, da magatakarda, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su suka rubuta mana takardar shaidar saye, da Faransanci, da sunan mai sayarwa da nawa, da girman fili, da sunayen maƙwabta huɗu, da kuɗin da aka biya. Magatakarda ya karanta ya fassara da Hausa a gaban kowa kafin a sa hannu, waɗanda ba su rubutu suka dangwala yatsa, har da matan nan biyu. A gaban shaidu na ƙirga kuɗi, na ba da goron shaidu, aka yi fatiha. Daga baya na kai takardar ofishin magajin gari na kwamin aka shigar da ita cikin littafi. Can sai da na yi ta komawa, yau mai sa hannu ya fita, gobe ana taro, ina rufe shago ina asarar ɗinki. Duk da haka ina ba kowa shawara ya jure. Shaidar baki tana mutuwa tare da masu ita, kuma dattijon nan da ya raba mana gardamar gamba ya riga mu gidan gaskiya tun kafin in gama gini.

Gini sai bayan kaka. Da sanyi ya shigo aka fara buga tubali. Ni da na so a ɗebo lakar fadama tunda ga ta kusa, magini ya ce ita kaɗai tsagewa take yi, sai an haɗa ta da jar ƙasa da rairayi da ƙaiƙayi, a cuɗa, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Yashi daga cikin gulbi masu amalanken shanu suka kawo. Harsashi kuwa ban yi rowa ba: dutse da siminti, sannan layukan farko na bulon siminti ne kafin a ɗora na ƙasa, saboda danshi daga ƙasa yake cin bango. Ƙofofi ba a fuskantar da su gabas ba, tunda daga can hadari ke tasowa da iska, kuma bangon gabas shi aka fara yi wa shafen siminti. Azarar giginya ta yi wuya yanzu, ga gara a wurin, sai muka sa ƙarfe muka rufa da kwano. Ɗakuna biyu, da zaure, da rumfa, da katanga rabi. Kuɗi suka ƙare a nan, na dakata har bayan ƙaramar Sallah, abin da ɗinki ya kawo shi ya sa ƙofofi da tagogi.

Rijiya ta fi ginin ba ni tsoro. A fadama ruwa kusa yake, gaba kaɗan ka same shi. A jigawa sai an nutsa. Masu haƙa suna sauka suna jera zoben siminti don kada rairayi ya rufta musu, ni ina sama zuciyata na dukan uku-uku duk lokacin da igiya ta motsa. Ranar da guga ya fito da jiƙaƙƙen yashi maiɗakina ta yi guɗa. Babban mai haƙar ne ya zaɓi inda za a yi salga, can ƙarshen fili ta gangare, nesa da rijiya, ya ce kada ruwan wannan ya gangaro cikin wancan. Wuta ba ta iso layinmu ba a lokacin, sai na sayi faifan hasken rana ɗaya da batir, ya isa fitila da cajin waya da fanka ƙarama. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, abokan aikina na cikin gari suna kwana cikin duhu, mu fitilarmu na ci.

Maiɗakina ba ta so tashin ba da farko, kuma tana da hujja. A Maradi aka haife ta, ƴan'uwanta na can, ƙawayenta na adashi na can. Ta ce: "Malam, idan yaro ya tashi da ciwo cikin dare fa?" Ban da amsar da ta gamsar da ita a lokacin, har yanzu ma ba ni da cikakkiya. Abin da ya sassauta mata zuciya matar Kawu ce, wadda muke kira Inna. Ita ta ɗauke ta gida gida ta gaisar da ita, ta shigar da ita adashin matan unguwa, ta ba ta jar akuya ɗaya kiwo, irin jar akuyar nan ta Maradi mai yawan haihuwar tagwaye. Ranar da muka tare, kwanukan tuwo da fura suka yi ta shigowa daga gidajen da ban ma san masu su ba. A Zariya mun shekara da shekaru da wasu maƙwabta ba mu wuce "ina kwana" ba.

Amma wannan karɓa tana da haƙƙi a kanka. A ƙaramin gari ba a ɓuya. Idan an yi rasuwa, ana duba wanda ya zo jana'iza da wanda ya zauna zaman makoki. Idan an yi suna da asuba, ana sa ran ganinka ko da za ka makara shago. Idan an kira gayya, ba a karɓar uzurin cewa kai ma'aikacin birni ne. Watannin farko ina fita da duku-duku in dawo bayan isha'i, sai Kawu ya kira ni gefe ya ce: "Mutane sun ce sun ga gidanka, ba su ga ka ba." Tun daga nan na tsayar da cewa magariba a garinmu za ta same ni, Juma'a kuma ba na buɗe shago sai bayan an sauko. Na rasa wasu masu kawo ɗinki saboda haka. Na kuma samu wasu, domin yanzu kayan Sallar rabin unguwarmu a bayan babur ɗina suke tafiya Maradi su dawo.

Zirga-zirga ita ce ke nuna maka cewa shekara biyu ce a nan, ta rani da ta damina. Da rani hanya gajeriya ce: ka gangara, ka tura babur cikin rairayin gulbi, ka haura, ka kama hanyar Maradi. Da damina wannan hanya ta mutu, sai ka zagaya ta gada, mai ya ƙaru, lokaci ya ƙaru. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne gulbi yana iya cika alhali ko yayyafi ba a yi a garinmu ba. Ruwan da aka yi can ƙasar Katsina ne yake isowa. Mutanen garuruwan da ke sama da mu suna bugo waya su ce ga shi nan tafe, nan da nan a aika yara su kira masu wanki da masu ɗibar yashi, a janye injinan ban-ruwa zuwa tudu. Akwai samari gwanayen iyo da ke ƙetarar da mutane da kaya idan ruwa ya ɗan lafa. Ban taɓa yarda an ƙetarar da ɗana haka ba, kuma na hana su wanka a gulbi muddin yana gudu, ko da sun ga sa'o'insu na yi. Ƙasan ruwan ba ɗaya ba ne, inda aka ɗebe yashi da rani rami ne da damina.

Sai sauro. Wannan ba zan ɓoye shi ba, shi ne kuɗin da ake biya na zama kusa da fadama. Daga tsakiyar damina har bayan kaka, da magariba ta yi sai ya fito. Kowa a gidana cikin gidan sauro yake kwana, har da rani. Ma'aikatan lafiya suna zagayawa gida gida a watannin damina suna ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata wata, kuma maiɗakina ba ta bari a tsallake ko zagaye ɗaya. Duk da haka akwai daren da ƙaramar ƴarmu ta yi zafi har ta fara sanƙarewa, gulbi cike, ƙaramin gidan likitan garin ba shi da abin da ake bukata. Maƙwabcina ya tashi ya ɗauke mu, ni na riƙe ta a tsakiya, muka zagaya ta gada cikin taɓo har Maradi. Allah ya ba ta lafiya. Tun daga ranar ba na kwana da damina sai da mai a tankin babur.

Garka ba ta cikin shirina. Na zo ne neman wurin kwana. Amma ba za ka zauna kana kallon fadama kore shar cikin watan Maris, lokacin da jigawa ta bushe ƙurmus, hannunka bai yi ƙaiƙayi ba. Kawu ya yanka mini ɗan gefe a garkarsa, aro. A wurin akwai rijiyar tiyo, irin wadda ake haƙawa da hannu a zura bututun roba, a haɗa da injin ban-ruwa. Da man fetur ya yi tsada bayan Najeriya ta cire tallafi a 2023, masu garka da yawa suka juya injinansu suka koma aiki da tukunyar gas, mu ma muka bi sahu. Ya koya mini ja fangali, da yadda ake sakin ruwa daga wannan zuwa wancan da bakin fartanya, da lokacin dashen tumatir da albasa da kabeji, wato da sanyi, domin idan zafi ya shigo furen tumatir zubewa yake yi.

Abin da ya fi riƙe mutanen wannan yanki shi ne zogale. Ba ya jiran shekara: a yanke shi, a ba shi ruwa da taki, ya sake tohowa, a sake yanka. Tun kafin rana ta fito mata ƴan sari suke shigowa garka da buhuna, wasu su kai shi ɗanye Maradi, wasu su dafa su sayar a kwano, wasu su shanya. Kwaɗon zogalen da ake ci a cikin birni da ƙuli-ƙuli, mai yawansa daga wannan fadama yake fitowa. A Jiratawa akwai babban filin noman rani da gwamnati ta shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da lantarki da magudanan siminti, manoma suna cikin ƙungiya suna biyan kuɗin ruwa kowace kaka. Mu namu na gargajiya ne, kowa da injinsa. Abin da ke damuna a harkar shi ne maganin ƙwari. Tsutsa tana cin ganyen zogale, mutane kuma suna sayen magani a kasuwa wanda ba su iya karanta rubutun jikinsa, su fesa yau su yanka jibi. Ganye ne da za a dafa wa yara. A ɗan gefena ina jiƙa ƴaƴan dogon yaro da barkono in fesa, aikin ya fi yawa, amfanin bai kai nasu ba, amma abin da ke shiga tukunyar gidana na san shi.

Dattawa suna cewa gulbin yanzu ba na da ba ne. A da, in ji su, ruwa yakan malala cikin fadama ya kwanta, ya bar sabuwar laka, a shuka dawa da taba da rogo a kan danshinsa ba tare da ban-ruwa ba, kuma yakan daɗe yana gudu bayan damina. Suna danganta canjin da madatsar ruwan Jibiya da aka gina a jihar Katsina a ƙarshen shekarun 1980, da kuma ƙarancin ruwan sama da sare itatuwa. Ƙasashen biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka haɗa a Maiduguri a 1990, kuma Gulbin Maradi na cikinta. Manomin da ke nan dai abin da yake gani shi ne rijiyarsa tana ƙara zurfi, tafkin Madarunfa yana cikewa da yashi, gulbi kuma idan ya zo yana zuwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci, yana cin gaɓa. A idona wani yanki na garkar Kawu ya zube cikin ruwa da bishiyar gwaba biyu a kansa. Da rani aka yi gayya, muka cika buhuna da yashi muka jera, muka kafa turaku, muka dasa ciyawa mai riƙe ƙasa. Ya riƙe a wani wuri, a wani wurin ruwa ya tafi da shi. Ina ganin wannan aiki ya fi ƙarfin gayya, kuma ya kamata masu ɗibar yashi da manyan motoci a tsayar musu da wurin da za su ɗiba, nesa da gaɓar da mutane ke noma.

Maganar tsaro ma tana nan. Garuruwan da ke can kudu kusa da iyaka, wajen dajin Baban Rafi, sun sha wahalar ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma wasu daga cikinsu sun taso sun zauna kusa da mu. Garinmu Allah ya tsare, amma ba wanda ke barin dabba a waje da dare, ni ma ba na kai dare a hanya.

Bayan kaka, idan hukuma ta sa ranar sakin gonaki, garken Fulani suna gangarowa su ci kara, su sha ruwa a rijiyoyin da ake tonawa cikin rairayin gulbi. Lokacin ne mai garka ke gyara shingensa. Akwai wani Bafulatani da ke sauka kusa da mu kowace shekara, muna ba shi karan dawa da ɗan hatsi, shanunsa su kwana a gonar Kawu su bar taki, matarsa kuma ta kawo wa maiɗakina nono. Yarana sun fara jin gaisuwar Fulatanci a bakinsa. Lakwal ɗinsu tana cikin garinmu, da ƙafa suke zuwa. Babban ne idan ya gama firamare za mu duba ko zai riƙa bina Maradi a babur ko zai zauna wajen kakarsa ta wajen uwa.

Bara da sanyi Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da manyan ƴaƴansa biyu. Ya ce: "Ɗan nan, gefen garkar da na ba ka, aro ne, ko ba haka ba?" Na ce: "Haka ne, Kawu." Ya ce to gobe za mu je wajen maigari a rubuta. Na ji nauyi, na ce ai tsakaninmu ba sai da takarda ba. Ya ce tsakanina da shi ba sai da ita ba, amma shi ba zai dawwama ba, kuma ba ya son wata rana ƴaƴansa su ce na cinye musu gado, ko nawa su ce kakansu ya ba ubansu kyauta. Washegari muka je. Magatakardan Kofo ya rubuta takardar aro, da iyakar wurin, da sharaɗin cewa zan noma ganye da kayan miya amma ba zan dasa mangwaro ko wani itace mai daɗewa ba sai da izinin masu wuri. Ƴaƴansa suka sa hannu, ni ma na sa, aka ba kowane ɓangare kwafinsa, muka biya ta garka muka tayar da inji saboda ranar ban-ruwan albasa ce.